Abin da ke Tsayar da Manyan Motoci a Lokacin Hunturu

Jama'a, da zarar an gama girbi sai hanyar nan ta Gwaram da Birnin Kudu ta cika da manyan motoci. Wasu suna kwasar riɗi da gero da gyaɗa daga kasuwanni irin ta Sara zuwa Dawanau a Kano. Wasu kuma tireloli ne masu ɗauke da kayan da suka fi jikin motar faɗi ko tsawo, kamar katafila da falwayoyin lantarki da rodi. A daidai wannan lokaci ne kuma hunturu yake shigowa. Sai ka ji mai kaya yana faɗa, wai direba ya kwana a hanya. Sau da yawa ba lalaci ba ne, hazo ne ya tsayar da shi.

Hazo ƙura ce mai laushi. Iskar arewa maso gabas ce take kwaso ta daga Sahara, musamman daga wani busasshen kwari a ƙasar Chadi da ake kira Bodele. Tana kaɗawa daga watan Nuwamba har zuwa wajen Maris. Ranar da hazo ya yi kauri, mutum ba ya hango abin da ya kai nisan kilomita ɗaya, har jiragen sama sukan fasa sauka a Kano. Idan hayaƙin ƙunar daji ya haɗu da shi a bakin titi, ko motar da ke gabanka ba za ka gani ba.

To, me ya sa abin ya fi damun babbar mota? Nauyi ne. Ƙaramar mota tana tsayawa nan da nan idan an taka birki. Tirela mai cikakken lodi kuwa sai ta yi ta ja kafin ta tsaya. Dokar hanya ta ƙasa ta ce kada tirela ko tanka ta wuce gudun kilomita 50 a awa a kan babban titi, 45 a cikin gari. Ko a gudun 50 ɗin, mota tana cin kusan mita 14 kafin ka ƙirga ɗaya. Idan amalanke ko garken shanu ya ɓullo daga cikin hazo, lokacin da ya rage wa direba kaɗan ne. Kayan da ya fito waje da jikin mota kuma yana iya maƙe mai babur ko mai keke ba tare da direba ya sani ba. Shi ya sa ake ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen irin wannan kaya, amma a cikin hazo da duhu wa zai ga ƙyalle?

Direban da ya san aikinsa ba ya tashi da asuba a irin wannan rana. Sanyi yana sa baturi ya yi rauni, injin gas ya yi wuyar tashi, birki kuma sai iska ta taru a tanki kafin ya kama. Yakan jira rana ta ɗaga. Yana kunna fitilar ƙasa, domin hasken babbar fitila yana bugun ƙurar ya dawo masa a ido. Daga Birnin Kudu zuwa Kano wajen kilomita 130 ne, wato kusan awa uku ke nan ga tirela. Ranar hazo sai a ba shi wuni.

Zaɓen hanya ma tun kafin a ɗora kaya ake yin sa, domin ɓarnar damina ba ta gyaruwa da ɗaukewar ruwa. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata bas ta faɗa ciki, mutum 21 suka rasu. Inda gada ta karye akan yi ratse, kuma ratsen da ƙaramar mota za ta bi lafiya yana iya kayar da tirela ko ta kafe a rairayi. Don haka direba yakan tambayi 'yan kamasho a tasha da direbobin da suka fito daga can. Idan aka ce wuri bai yi kyau ba, mai zuwa Maiduguri yana iya zagayawa ta Dutse da Azare. Mai dogon lodi kuma sai ya kula da wayoyin lantarki da suka gitta titi a cikin ƙauyuka.

Mu ma da ke bakin hanya muna da namu. Mai kaya ya yi ciniki da kwana ɗaya na rara, kada ya matsa wa direba don ya riski kasuwa. A daina hawa saman lodi, sanyi yana sandarar da hannu mutum ya suɓuto. Masu amalanke su bari gari ya waye sosai, su riƙe tocila idan dare ya yi musu. Idan mota ta lalace aka jera ganye a kan kwalta, a kai shi nesa da motar yadda mai zuwa zai gani da wuri, a kuma kwashe ganyen da duwatsun da aka tare taya bayan an gyara ta.