Yadda mai ke ɗaga hannun ƙaramar taraktar haƙa, da abin da ke kashe ta

Ƙaramar taraktar nan mai bokiti a gaba da hannun haƙa a baya, irin Kubota BX23S, injinta bai kai na ƙaramar mota ƙarfi ba. Amma tana tone ramin fandisho, tana tumɓuke kututture. Sirrin yana cikin man haidirolik.

Tun ƙarni na 17 Blaise Pascal, masani ɗan Faransa, ya nuna cewa idan aka matsa ruwan da ke kulle a wuri guda, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. A kan wannan aka gina na'urar. Injin yana juya famfo, famfo ya tura mai cikin tiyo, libar da direba ya ja ta buɗe bawul, man ya shiga silinda ya ingiza fistin. Matsin kan kai kusan psi 2,000, alhali tayar mota wajen 32 take ɗauka. Fistin mai faɗin inci 2 a wannan matsi zai iya tura abin da ya haura kilo 2,800.

Babban maƙiyin na'urar shi ne datti. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan famfo da na bawul ba ta kai kaurin gashi ba, don haka ƙurar da ido bai gani sai ta riƙa cin su kamar sanfefa. A inda hunturu ke tayar da ƙura, zuba mai da mazurari mai datti, ko barin bakin tiyo a ƙasa ba murfi, ya isa ya rage wa famfo kwana. A galibin ƙananan taraktoci, mai ɗaya giya da haidirolik ke sha, shi ya sa ɗura bakin man inji saboda araha ganganci ne. A sabuwar tarakta, yawanci bayan awa 50 na farko ake canja filta; sauran lokutan suna cikin littafin kamfani, kuma da agogon awa na jikin taraktar ake lissafi, ba da kalanda ba.

Man da kansa yana ba da labari. Idan ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Idan yana kumfa, famfo kuma na kuka, iska ce ke shiga ko rariyar tsotso ta toshe. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, zafi ya yi yawa. Da ya wuce digiri 82 a ma'aunin Salshiyas, robobin silinda sun fara lalacewa. Direban da ke ci gaba da danne liba bayan silinda ta kai ƙarshe, dafa man kawai yake yi.

Akwai kuskuren da sababbin hannu ke yawan yi. A wasu samfura, idan aka cire hannun haƙan, dole a haɗa tiyo biyun da suka rage a jikin taraktar da juna kafin a tayar da inji. In ba haka ba man ya rasa hanyar komawa, famfo ya ci wuya.

Mafi haɗari shi ne yoyo. Ƙaramin huji a tiyo yana fesa mai siriri kamar allura, wanda ke huda fata har ta cikin safar hannu. Raunin kan yi kama da cizon ƙwaro, amma man yana kashe nama daga ciki, kuma jinkiri na iya kaiwa ga yanke yatsa. Wanda abin ya sama, asibiti zai nufa nan take, ya kuma faɗa wa likita cewa man haidirolik ne. Da guntun kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba. Kafin a kwance kowace tiyo, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a motsa libobin gaba da baya har matsin da ya maƙale ya fita.