3.3 Lambu da Tsirran Sihiri a Labaran Alfu Laila

A sashen da ya gabata an yi bayanin wuraren da labaran Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, suka fi aukuwa, kamar fada da kasuwa da teku. A nan kuma za a dubi lambu da tsirran sihiri. Abin da wannan nazari ya lura da shi shi ne, ba don ado kawai ake kawo su ba. Kusan duk inda tsiron sihiri ya fito, labarin yakan rataya ne a kan abin da tauraro ya sani ko ya jahilta game da shi.

Alal misali, a labarin Ala'uddin, wani matsafi mutumin Magrib ya tura yaron cikin kogon ƙarƙashin ƙasa don ya ɗauko masa fitila. Ya gargaɗe shi kada ya taɓa bangon ɗakunan da zai ratsa, ko da da gefen rigarsa ne, amma ya yarje masa ya tsinki 'ya'yan itatuwan lambun da ke gaba idan zai komo. 'Ya'yan nan kuwa ba na ci ba ne, lu'ulu'u ne da yaƙutu da zumurrudu. Ala'uddin ɗan tela ne, bai taɓa ganin irinsu ba, saboda haka ya ɗauka gilashi ne mai launi. Duk da haka ya cika aljihunsa da ƙirjin rigarsa da su, irin na yaro da ya ga abin wasa. Da ya iso bakin kogon, matsafin ya ce ya miƙo fitilar, sai ya kasa zaro ta domin kayan sun danne ta, ya ce sai an fitar da shi tukuna. Matsafin ya fusata ya rufe kogon. Ke nan, 'ya'yan lambun ne suka hana fitilar shiga hannun mugu. Haka kuma su ne mahaifiyarsa ta kai wa sarki a lokacin neman auren gimbiya, bayan Ala'uddin ya zauna da masu sayar da duwatsu masu daraja ya gane darajar abin da ya ajiye a gida. A ganin mai wannan nazari, masu sharhi sun cika mayar da hankali ga fitila da aljaninta, alhali lambun ne ya fara juya labarin.

Ya kamata a ambata cewa wannan labari ba ya cikin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na Alfu Laila. Bafaranshen nan Antoine Galland, wanda fassararsa ta fito tsakanin 1704 da 1717, shi ya shigar da shi, bayan ya same shi daga Hanna Diyab mutumin Halab, wanda suka haɗu da shi a birnin Faris a 1709.

Labarin Bulukiya, wanda ke cikin ƙissar Hasib Karimuddin, ya fi fito da wannan batu fili. Bulukiya da wani masani mai suna Affan sun kama Sarauniyar Macizai suka sa ta a keji, suka riƙa yawo da ita a kan duwatsu, domin duk tsiron da ta gifta yakan buɗe baki ya faɗi amfaninsa. Su kuwa tsiro ɗaya kaɗai suke nema, wanda idan aka matse ruwansa aka shafa a ƙafa, mutum zai taka teku ba tare da ya nutse ba. Burin Affan shi ne ya kai ga makwancin Annabi Sulaiman (AS) ya zare zobensa. Da suka samu suka sake ta, sai ta shaida masu cewa a cikin tsirran da suka yi magana akwai wanda duk wanda ya ci ba zai mutu ba sai an busa ƙaho na farko, amma ba su kula shi ba. Affan ya kai ga zoben, ya miƙa hannu, macijin da ke gadi ya hura masa wuta ya zama toka.

Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, ganin cewa bokaye da 'yan bori sukan ce iskoki ne ke nuna masu saiwa da sassaƙen da za su haɗa magani. Bambancin dai shi ne, a tunanin Bahaushe itacen da ke da asiri ya fi zama a daji ko bayan gari, kamar tsamiya da kuka, ba a cikin lambu mai katanga da ƙofa ba.

Tuffar da Yarima Ahmad ya sayo a Samarƙandi ta ɗan bambanta, domin haɗa ta aka yi, kuma an san amfaninta tun a kasuwa: duk majinyacin da ya shaƙi ƙamshinta zai warke. Sai dai Ahmad bai san gimbiya Nurunnahar tana kwance rai a hannun Allah ba, sai da aka leƙa ta cikin bututun hauren giwa na ɗan'uwansa Ali, sannan dardumar babban wansu Husaini ta kai su gare ta. Wannan ya sa mahaifinsu ya kasa fifita tuffar a kan sauran kayan biyu, ya ce su uku su je fili su yi gasar harbin kibiya.