"Ai Bai Ji Komai Ba"

Na gaji da jin wannan magana a gidajen haihuwa, daga Kafanchan har Zonkwa. Wanzami ya cire wa jariri beli, yaro na tsala ihu, sai kaka ta dangwalo zuma da yatsa ta lasa masa. Kuka ya yanke, kowa ya ce, "Kun gani? Ai bai ji komai ba."

Ya ji, kuma ya ji sosai.

Gaskiya ne zaƙi na kwantar da hankali. Amma a 2010, Rebeccah Slater da abokan aikinta a Landan sun wallafa bincike a mujallar The Lancet kan jarirai 59 da ake huda wa diddige don ɗibar jini. An ɗiga wa wasu ruwan sukari, wasu ruwa zalla, aka manna musu na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka sha zaƙi fuskarsu ba ta yamutse sosai ba, amma saƙon zafi ya isa ƙwaƙwalwarsu daidai da na sauran, ƙafar ma ta zabura iri ɗaya. Hudar diddige ke nan fa! Ina ga aska a maƙogwaro? Mu ne shirun ya yi wa daɗi, shi ya sa muka yarda.

Ita zumar ma matsala ce. Ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin takan ɗauki ƙwayar cutar da ke sanyaya jikin jariri har numfashi ya gagare shi, komai kyanta.

Beli ba cuta ba ne, a bar wa yaro abinsa. Kaciya a kai asibiti a nemi allurar kashe zafi. Ranar rigakafi kuwa, uwa ta rungume ɗanta a ƙirji ta ba shi nono tun kafin allura ta shiga, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015. Kada a jiƙa sukari a gida da ruwan rijiya. Kafin wata shida nono kaɗai ya isa. In kuma an riga an yi yankan, jini ya ƙi tsayawa, jiki ya yi zafi ko yaro ya ƙi kama nono, a nufi asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.