Hattara da mai bindigar da ya zo da sunan taimako

Jama'ar kan iyaka, daga Gudu da Tangaza har zuwa Augie, da 'yan uwanmu na tsallake a jihohin Doso da Tawa, a buɗe kunne. Ɗan ta'adda ba ya soma shiga gari da harbi. Sallama yake yi, ya nemi ruwan alwala, sannan ya ce ya ji labarin ɓarayin shanu sun hana ku barci.

Ta wannan ƙofa Lakurawa suka shigo. Wajen 2017 zuwa 2018, lokacin da 'yan bindigar daji suka addabi ƙauyukan Gudu da Tangaza a jihar Sakkwato, wasu shugabannin al'umma suka nemi agajin waɗannan baƙi da suka ƙetaro da makamai daga Nijar da Mali. Ni dai ba zan yi saurin zargin mutumin da aka kore wa garke, ya yi ta kiran hukuma babu wanda ya amsa ba. Amma a dubi abin da ya biyo baya. Da farko sun fatattaki ɓarayi, aka yi ta sa musu albarka. Daga nan sai wa'azi, sai karɓar zakkar dabbobi da bakin bindiga, sai bulala ga saurayin da aka kama yana sauraron kiɗa a waya. Ashe kura aka ba ajiyar nama. Sai a Nuwamban 2024 hedkwatar tsaro ta fito ta yi maganarsu a fili, kuma a watan ne suka kashe mutum 15 a garin Mera na jihar Kebbi. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda.

Wutar daga nesa ta taso. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta watsa makaman Libiya cikin Sahara, a 2012 Kidal da Gao da Timbuktu suka kuɓuce wa gwamnatin Mali, a 2017 kuma Iyad Ag Ghali ya haɗa ƙungiyoyi ƙarƙashin JNIM mai biyayya ga Alƙa'ida. A Tafkin Chadi, ISWAP da ta ɓalle daga Shekau a 2016 tana karɓar haraji daga masunta, tana yanke hukunci tsakanin masu rigima. Salon ɗaya ne: su nemo inda babu alƙali, babu ɗan sanda, matasa na zaman kashe wando, su zama su ne hukuma. Ga shi tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sintirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Nijar ya yi rauni, a kan iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500.

Saboda haka hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai, duk tsananin uƙubar ɓarayi kada ku ƙulla yarjejeniyar tsaro da baƙon da ke riƙe da bindiga. Iyaye, idan yaro ya shigo da sabon babur ko damin kuɗi, ku tambaye shi wa ya ba shi. Masu sayar da fetur da hatsi, ku san wanda kuke auna wa.

Gwamnati kuma ta sani, jirgin yaƙi ba ya raba rigimar gona da burtali. A kawo jami'an da za su kwana a ƙauye, a ɓoye sunan mai kai rahoto, Abuja da Yamai su koma sintiri tare tun kafin wani ƙauyen ya sake aika wa Lakurawa goron gayyata.