Wayoyin tsohuwar mota

Peugeot 404 ta fara fitowa a Faransa a shekarar 1960. A cikinta akwai wayoyin lantarki da yawa, an ɗaure su dami guda. Su ke kai wutar batir zuwa fitilu da inji.

Kowace waya jan ƙarfe ce, an rufe ta da roba. In mota ta tsufa, zafin inji yakan busar da robar, ta tsage. Idan jan ƙarfen ya taɓa jikin mota, waya ta yi zafi, sai gobara.

Mai gyara yakan fara cire kan batir. Sannan ya bi launin kowace waya, ya sa sabuwa mai kaurin tsohuwar, domin siririyar waya ba ta jure wuta mai yawa.