Yadda Hausawa Ke Riƙon Tsofaffinsu

A gidan Bahaushe, tsoho yana nan inda ya haifi 'ya'yansa har ƙarfinsa ya ƙare. Idan mahaifi ya gaza, babban ɗa ne ke ɗaukar ragamar gandu, amma shawarar aure, suna da rabon amfanin gona sai an kai ta gaban dattijo. Uwa kuwa, idan mijinta ya rasu ta gama takaba, galibi ɗanta namiji kan ware mata ɗaki a gidansa. Da safe kowa zai durƙusa a ƙofar ɗakin ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" kafin ya kama gabansa. 'Ya'yan da ke wasu gidaje sukan aiko da ciyayya: kwanon tuwo, kunu, fura, da ɗan goro a gefe.

Abin da ya fi burge ni cikin wannan al'ada shi ne ba wa kaka jika. Akan ɗauki yarinya, wani lokaci tun daga yaye, a ce ta koma ɗakin kakarta. Ita ce mai ɗebo ruwan alwala, mai shimfiɗa tabarma, mai zuwa aike. Da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, tsohuwa na kiran yarinyar "kishiyata", jika namiji kuma "mai gidana", ana zolaya ana dariya. Kaɗaici ba ya samun wurin zama a irin wannan ɗaki.

Nauyin riƙon tsofaffi yakan bayyana ne ranar da ciwo ya kwantar da tsoho, kamar shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa. A nan kunya ke shigowa. Matar ɗa, wadda ko sunan surukinta ba ta faɗa, ba za ta yi masa wanka ba. Wannan aikin 'ya'yansa maza ne. Idan tsohuwa ce, wanki, juyi da raya dare duk a kan mata suke, kuma ba kasafai ake tambayarsu ko sun gaji ba. Ga shi yanzu neman abinci ya watsa 'ya'ya Abuja da Legas, ana aiko da kuɗi ta waya, hidimar kuwa ta taru a kan mace ɗaya.

Akwai gidan gajiyayyu a Shahuci cikin Kano, amma kai mahaifi can abin gori ne, don haka waɗanda ba su da kowa ne suka fi zama a ciki. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi a 2018. Ya kamata jami'an jin daɗin jama'a su bi tsofaffin har gidajensu, su koya wa masu jinya yadda ake juya majinyaci don gudun gyambon kwanciya, su kuma zaunar da 'yan uwa a raba aikin. Mai karatu, idan akwai wadda ke jinyar mahaifinka ko mahaifiyarka, ka karɓe ta ko da na kwana ɗaya ne a mako.