Muna Shuka, Suna Jin Wuta: Mayu da Yuni a Kudancin Duniya

A ƙarshen watan Mayu, manomin Kano ko na Damagaram idonsa na gabas yana jiran hadari, zafi kuwa ya hana kowa kwana a ɗaka. A daidai wannan lokaci, manomin lardin Free State na Afirka ta Kudu masararsa ta bushe a tsaye tana jiran injin girbi, an fito da barguna daga akwati, kuma da asuba ciyawar ƙofar gidansa fari fat take da raɓar da ta daskare. Kaka ce ke bankwana a wurinsu, hunturu na sallama. Da yawa cikinmu mun taso da tunanin cewa Afirka duk zafi ce, sanyi sai Turai. Ba haka abin yake ba.

Dalilin yana ga yadda Allah Ya tsara tafiyar duniya. Ba a miƙe take kewaya rana ba, a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi. Daga Maris zuwa Satumba rabin duniya na arewa ne ke fuskantar rana, na kudu ya kau da kai, hasken ya riƙa isa gare shi a kaikaice, yini ya gajarce. Abin yana kai maƙura ranar 20 ko 21 ga Yuni: a Kano yinin ya kusa awa 13, a Cape Town bai cika 10 ba. Wasu kan ce ai nisa da rana ne ke kawo sanyi. To, duniya ta fi yin nisa da rana a farkon Yuli, kusan kilomita miliyan 152, kuma a lokacin ne Makka da Alƙahira ke tafasa. Da nisa ne sanadi, da kowa ya ji ɗarin lokaci guda.

Mai azumi ya fi kowa gane wannan. A 2018 watan Ramadan ya faɗo daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Mu nan mun riƙa yin kusan awa 14 cikin ƙuna. Musulmin unguwar Bo-Kaap ta Cape Town, inda masallacin Auwal yake tun 1794, kimanin awa 11 da rabi suka riƙa yi, kuma ba ƙishi ke damunsu ba, alwalar asuba ce.

Sanyin nasu yana da hannu a daminarmu, ko da ba kowa ya lura ba. Idan hunturu ya kama kudu, iska mai nauyi takan taru ta ƙarfafa a saman kudancin Tekun Atlantika, wajen tsibirin Saint Helena. A lokacin kuma Sahara ta ɗauki zafi, iskarta ta yi sama ta bar gurbi. Sai iskar kudun ta kwararo, ta tsallake tsakiyar duniya, ta lanƙwasa, ta kwaso laimar teku ta shigo ta Legas da Fatakwal, ta yi ta hawa arewa har Katsina da Maraɗi. Hadarin da ke zubar mana da ruwa daga gabas yakan taso, gaskiya ne, amma laimar da yake ɗauke da ita daga kudu maso yamma ta zo.

Hunturun kudu bai kai na Rasha ko Kanada tsanani ba, domin kusan kashi 81 cikin ɗari na wancan rabin duniya ruwa ne, ruwa kuwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Abin da suke da shi a yalwace shi ne iska. Can ƙasa da ƙarshen Afirka akwai iskar yamma da ke zagaya duniya ba tudun da zai tare ta; da Mayu ya yi sai ta matso arewa, ta fara dukan bakin Afirka ta Kudu da kudancin Ostireliya da Chile. A can iskar sanyi daga kudu take zuwa, rana kuma da tsakar rana a arewa take tsayawa, shi ya sa maginin da ya san aikinsa ke fuskantar da tagogi arewa.

Ko cikin Afirka ta Kudu ma hunturun ba iri ɗaya ba ne. Johannesburg tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,750, ta ɗara Jos da wajen mita 500. Ruwanta na ɗaukewa a Afrilu, daga nan sai sararin sama tangaran. Da rana a watan Yuni ma'auni kan kai digiri 16, mutum ya cire rigar sanyi ya ji daɗin hantsi. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5 da rabi na yamma, ɗari ya sauko nan take, kafin asuba ya koma digiri 4, wani dare ƙasa da sifili. Bahaushe zai gane wannan yanayi: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ciyawa ta bushe ta zama abincin gobara. Sai dai babu ƙurar hamada. Hazon da ake gani can hayaƙi ne.

A nan ne maganar ta daina zama ta ma'auni. A daren hunturu iska mai sanyi kan kwanta ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta ta sama kamar murfin tukunya, duk hayaƙin da aka tayar ya rasa hanyar fita. A unguwannin talakawa kuwa da yamma kowa wuta yake hurawa. Akwai kaskon da suke kira imbawula: tsohon gwangwani ne babba da aka huhhuda jikinsa, a zuba takarda da itace, a ɗora kwal, a kunna a ƙofar gida. Da farko yakan tuttulo farin hayaƙi mai kauri har maƙwabci ba ya ganin maƙwabci. In ya yi jajir sai a shigar da shi ɗaki, ɗakin da sau da yawa langa-langa ne sama da ƙasa, iyali su kewaye shi. Garwashin nan ko ya daina hayaƙi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, mutum ya kwanta barci bai tashi ba. Ga risho da kyandir, waɗanda in ɗaya ya kife cikin bukkokin da ke manne da juna, kafin motar kwana-kwana ta iso layi guda ya ƙone. Mai hali yana da hita da bargon lantarki. Hunturun Johannesburg, a ganina, ba tsananinsa ke kisa ba, rashin ɗaki na kirki ne.

Gani ya kori ji. Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2010, wadda aka yi daga 11 ga Yuni zuwa 11 ga Yuli, zai tuna 'yan wasan benci ƙudundune cikin barguna, 'yan kallo da hulunan sanyi suna busa vuvuzela. Ita ce ta farko da aka buga cikin hunturu tun ta Ajantina a 1978. Najeriya ta buga da Ajantina a Johannesburg, ta buga da Girka a Bloemfontein ranar 17 ga Yuni, ranar da aka ba Sani Kaita jan kati, kuma garin yana cikin waɗanda dare ke daskarewa. Da ta gangara Durban karawa da Koriya ta Kudu sai ta tarar da wata duniya: ruwan ɗumi na Tekun Indiya yana bin gaɓar, da rana ma'auni na wuce digiri 20, mutane na wanka a teku. A gaɓar nan ce, tsakanin Mayu da Yuli, miliyoyin kifin sadin kan biyo ruwan sanyi su hauro, tsuntsaye da manyan kifaye na binsu, jama'a na fitowa da raga da bokiti.

Cape Town ita kuma hunturunta shi ne daminarta. Daga Mayu zuwa Agusta take samun mafi yawan ruwan shekara. A Mayu manoman yankin Swartland ke shuka alkama, lokacin da masu lambun lemo ke tsinka.  Hadarin yana da salon zuwansa. Sau da yawa kafin ya iso sai wata busasshiyar iska mai zafi ta gangaro daga tudu zuwa gaɓa, a yi yini guda kamar bazara ta dawo, washegari a tashi da ruwa da iska, tsaunuka sun yi fari. Ranar 7 ga Yuni, 2017 an ga fuska biyun a yini ɗaya: guguwa ta yaye rufin gidaje a Cape Town, iskar kuma ta rura gobarar da ta cinye ɗaruruwan gidaje a garin Knysna.

Cape Town ta dogara da abin da madatsun ruwanta suka tara a watannin nan. Daga 2015 zuwa 2017 hunturu uku a jere suka zo da ƙarancin ruwa, babbar madatsar Theewaterskloof ta koma fili mai ƙura. A Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, jarka biyu ke nan, sha da girki da wanka da wanki da banɗaki, har aka sa ranar da za a rufe famfuna. Tsimin jama'a da ruwan hunturun 2018 suka hana ranar zuwa. Mutanen Cape Town tun daga nan ba sa ƙorafin ruwan Yuni kamar da.

Dusar ƙanƙara kuwa ta tsaunuka ce. Lesotho, wadda wurinta mafi gangara ya kai mita 1,400, tana ganinta duk shekara, makiyayanta na bin tumaki a kan doki lulluɓe da bargon da ya zama tufar ƙasa. A Johannesburg abin baƙo ne: ta zuba ranar 10 ga Yuli, 2023, rabonta tun Agustan 2012.

Sauran ƙasashen kudu labarin bai sauya sosai ba. Ostireliya na lissafin hunturu daga 1 ga Yuni, amma a Darwin da ke arewacinta rani ne kawai mai daɗi. Buenos Aires ta ga dusar ƙanƙara ranar 9 ga Yuli, 2007, rabon da a gani tun 1918. A Yulin 1975 sanyin dare ya ƙone gonakin kofi na jihar Paraná a Birazil, farashi ya tashi a duk duniya.

Ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai neman magani da zai nufi can tsakanin Mayu da Agusta, ka tambayi garin da za ka, ba ƙasar ba. In Cape Town ce, ka riƙi lema da takalmin da ruwa ba ya shiga. In Johannesburg ce ko Bloemfontein, ka sa rigunan da za ka iya ragewa da rana ka ƙara da dare, ka tafi da safa da hula da man shafawa, kada ka dogara cewa masauki zai yi ɗumi. Kuma duk tsananin ɗari, kada ka kwana da garwashi a ɗakin da ka rufe ƙofa da taga.